Wanda Ya Haɗa Shuɗiyar Waya

Ranar Laraba da safe muka tarar an kashe kwamfutar Egya Panyin murus, kwana tara da rasuwar shi kansa. Ni ce na buɗe gidan rediyon, kamar yadda na saba shekara goma sha tara ke nan, ina karanta wa masuntan Asaano labarin iska da sanarwar jana'iza. Ƙofa a kulle take, ba a ɓalle komai ba. Amma da na shiga ƙaramin ɗakinsa zan yi shara, sai na ga an yaye ƙyallen da yake lulluɓa wa kwamfutar. Na danna mata ta tashi. Allo baƙi ƙirin, layi ɗaya na farin rubutu, sai wani ƙas-ƙas daga cikinta kamar ɓera ya sami gyaɗa.

Na san abin da ke ciki. Shekara ashirin da biyu Egya Panyin ya yi yana bin gida-gida da rikoda. Duk wanda teku ta ci, sai ya je ya ɗauki muryar uwarsa ko matarsa tana kiran sunansa sau uku, ta faɗi kwale-kwalen da ya tafi a ciki, ta kuma faɗi abu ɗaya da take tuna shi da shi. Suna ɗari biyu da goma sha huɗu. Sau ɗaya a shekara muke sa shi, ranar Talatar da ke bin bikin teku, garin ya yi tsit tun daga kasuwa har bakin ruwa. Kiran Suna muke ce masa. Fiye da rabin matan da ke magana a ciki sun riga mu gidan gaskiya, kuma babu inda muryoyinsu suke sai cikin wannan tsohon akwati. Saura mako biyu a sa na bana.

Kukua ta iso da jakarta a kafaɗa. Ita ce mai kula da na'urorinmu, 'yar garin ce, teku ta ci ubanta tana shekara tara, ta je Takoradi ta yi karatu ta dawo. Ta durƙusa, ta kara kunne a jikin akwatin, ta daɗe a haka.

“An haɗa ta da intanet,” in ji ta. “Ta fara sabunta kanta, aka zare mata wuta a tsakiya.”

Ni kuwa bakina ba ya jiran kaina, tun ina yarinya haka yake. Na ce, “To, kin dai cika alkawari.”

Ta ɗago ta dube ni. Akwai mata biyu a bakin ƙofa da suka kawo sanarwa, kuma kafin rana ta take duk Asaano ta ji abin da na faɗa.

* * *

Ba daga sama na ɗauko maganar ba. Sababbin kwamfutocinmu uku, Kukua ce ke sabunta musu babbar manhaja duk Talata ta biyu a wata, ranar da masu yin ta ke turo gyare-gyarensu. Tsohuwar ce Egya Panyin ya hana a taɓa. Manhajar da yake ajiye muryoyin a ciki ba ta shiri da sabon zamani, wani ya taɓa gaya masa in aka sabunta za ta daina buɗewa. Shi ke nan ya zare shuɗiyar wayar intanet ɗin, ya naɗe ta, ya ɗaure a ƙafar tebur da zaren taru. Shekara shida tana nan a ɗaure.

Kukua ta yi ta binsa ya bari ta kwafe muryoyin a wani wuri. Kullum amsarsa ɗaya ce: “Bayan biki, 'yata.” Biki biyu suka wuce. Ranar da haƙurinta ya ƙare, a gaban mutane ta ce masa, “Egya, wata rana abin nan zai mutu da iyayenku mata duka a cikinsa!” Mutane sun riƙe wannan maganar.

Ga shi jiya Talata ta biyu ce a wata. Ga shi a jiyan an ga ta tashi daga zaman kwana takwas na marigayin, ta fi awa biyu ba ta dawo ba. Makullin gidan rediyo kuma uku ne: nawa, nata, da na Egya Panyin da ke hannun sarkin masunta tun ranar rasuwa.

Da yamma matan banda, masu kyafa kifi, suka taru a ƙofar gidan da take haya. Wata ta watsa mata ruwan wankin kifi a ƙofa. Sarkin masunta, Nana Amissah, ya fito ya tsawatar, ya ce Talata mai zuwa za a zauna a rumfar bakin ruwa. In ta tabbata ita ce, za a miƙa ta ga 'yan sanda, kuma ƙafarta ba za ta sake taka rairayin Asaano ba, ko da gawa ce. Sannan ya aika a kira Wofa Essel.

* * *

Wofa Essel shekara talatin ya yi a gandun daji yana bin sawun masu harbin giwa. Da ya yi ritaya sai ya koma nemo wa mutane injin kwale-kwale da awaki. Ɗan ƙaramin tsoho ne, tabaransa a rataye da zare a wuya, wayarsa ma ta tocila ce. Na ce a raina, wannan da kwamfuta ai sai kallo.

“Otsiwa,” ya ce mini, “ke za ki riƙa raka ni.”

“Ni kuma, Wofa? Ina da aiki.”

“Bakinki ne ya fara tafiyar nan. Sai ƙafarki ta bi shi.”

A ɗakin bai ko dubi allon ba. Rarrafe ya yi ya shige ƙarƙashin tebur, ya daɗe har na zaci barci ya kwashe shi. Ya fito ya duba igiyar labule, ya duba wayar makirufo da marigayin ya ɗaure a ƙusa. Sannan ya sa aka kira Kukua. Ta zo idanunta a kumbure.

“'Yata, dabbar nan taku tana barin sawu?”

“Ita ba za ta ƙara magana ba, Wofa. Amma akwatin intanet yana rubuta duk wanda ya shiga.” Ta buɗe ɗaya daga cikin sababbin kwamfutocin ta nuna masa. “An haɗa ta ƙarfe goma da minti arba'in. An cire ƙarfe ɗaya saura biyar.”

“Yi mini bayani kamar kina yi wa akuya.”

“Shekara shida gyare-gyare na taruwa suna jiranta. Tana jin waya sai ta hau haɗiyarsu gaba ɗaya. In ta fara, takan rubuta a allo cewa kada a kashe ta, domin a lokacin ta rushe tsohon gini ba ta gama sabo ba. Da an bar ta ta gama, ko manhajar muryoyin ta ƙi buɗewa, da na san yadda zan ciro su. Amma an fizge wuta tana cikin rubutu, faifan ajiyar da ke cikinta kuma tsoho ne. Ƙarar nan da kake ji, shi ne ya tafi.”

“Ke ina kika je ranar?”

“Kabarin uwata.”

“Wa ya gan ki?”

“Ba kowa.”

Na yi tsaki, har yau ina jin sautinsa a kunnena. Wofa Essel ya nemi leda ya rufe ƙafar teburin inda wayar ke ɗaure, ya ce duk wanda ya taɓa sai ya gamu da shi. Bai gaya mana dalili ba.

* * *

Alhamis muka je wajen Ekow Tawia, mai kwale-kwale biyar. Kowa ya san ya tsani Kiran Suna, domin suna goma sha ɗaya a jere daga jirginsa guda suka fito, shekarar da ya tura shi da lodin da ya fi ƙarfinsa. Sau uku yana zuwa ya roƙi Egya Panyin ya cire sunan jirgin.

Muka same shi yana shafa wa wani kwale-kwalensa kwalta. Ko ɗagowa bai yi ba.

“Na san za ku zo. Duk abin da ya lalace a garin nan Tawia ne. Ko akuya ta yi ɓari, Tawia ne.”

“Ina kake ranar Talata da hantsi?” in ji Wofa.

“Tambayi Anti Otsiwa mana. Ni na riƙa zuba wa baƙi abin sha tun ƙarfe tara, har ta ce mini na cika rowa.”

Gaskiya ne, na faɗa. Ya ajiye burushin, ya goge hannu a wando.

“Wofa, duk shekara in an zo kan jirgina nakan ji kamar a kan kaina ake fasa kwakwa. Amma na bakwai a cikinsu ƙanena ne, uwarmu ce ke kiransa. In zan fasa akwatin nan da hannuna, to da na fasa tun tana da rai.”

Daga nan muka wuce wajen Fasto Eshun, wanda ya sha yin wa'azi cewa kiran matattu a rediyo aikin arna ne. Shi kuwa ranar yana Cape Coast taron fastoci, har da hoto ya nuna mana. Da ya rako mu bakin ƙofa sai ya rage murya.

“Da gaske babu abin da za a iya cirowa?”

“Kai da ka ce haramun ne?” na ce.

“Haramun ne, Anti. Ƙasa-ƙasa nake kunnawa. Akwai yayata a ciki.”

Ranar Asabar aka dawo da faifan daga wajen wani gwanin gyara a Takoradi. Ya ce ko ƙwayar magana ɗaya ba za ta fito ba. Ranar ce aka jefi tagar Kukua da dutse.

* * *

Maame Sekyiwa tana sayar da dokunu, tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi daura da gidan rediyo. Ita ba ta je zaman makokin ba, saboda ciwon ƙafa. Sau biyu Wofa na tambayarta tana cewa ba ta ga kowa ba. Ranar Lahadi ya sayi dokunu biyu, ya zauna a bencinta, ya ci a tsanake, ya yabi yajin. Sai ta matso.

“Essel, in na faɗa za ku ce tsufa ne.”

“Ai tsufan ne, ni da ke duka. Faɗi.”

“Marigayin na gani. Panyin da kansa. Ya zo duba kayansa, ai ranar kwana takwas suke zagayowa.”

Wofa kuwa ya ci gaba da suɗe yatsa.

“Kin ga fuskarsa?”

“Allah ya kiyaye in kalli fuskar mamaci! Bayansa na gani, can nesa, idona ma ba kamar da ba. Amma tafiyar ai tasa ce, yana jefa ƙafa waje kamar agwagwa. Shekara sittin ina ganin tafiyar nan.”

“Ta bango ya shige?”

“Wane bango? Hannu ya miƙa cikin ƙwaryar kwakwar nan da ke rataye a saman ƙofa, ya ciro makulli.”

Na kalli ƙwaryar. Shekara goma sha tara ina wucewa ta ƙarƙashinta, na ɗauka ado ce. Wofa ya je ya zura hannu, ya fito da makulli mai tsatsa, ya mayar.

“To kin ji,” na ce masa a hanya. “Yarinyar ta san da shi, ta ba wani.”

“Otsiwa, ba kya gajiya?” in ji shi.

* * *

Litinin da hantsi ya ce mu bi ta rumfar masu ɗinkin taru. A can Egya Kakra yake wuni, ɗan tagwayen marigayin. Wanda bai sani ba ba zai ce ciki ɗaya suka fito ba. Panyin ya yi ƙiba a kujerar rediyo, kullum fuska a aske. Kakra kuwa teku ta tsotse shi, ga farin gemu har ƙirji, kuma kullum a zaune za ka same shi taru a cinya.

Shekara goma sha huɗu ba sa ga-maciji. Da teku ta ɗauke Kwamena, ɗan Kakra tilo, ba a ga gawa ba. Kakra ya ce ɗansa bai mutu ba tunda bai binne shi ba. Panyin ya bi bayan idonsa ya ɗauki muryar Araba, matar Kakra, tana kiran yaron. Kakra ya rantse ba zai taka gidan rediyon ba, kuma duk ranar Kiran Suna sai ya tura ƙaramin jirginsa cikin tafki inda sauti ba ya kaiwa. Araba ta rasu shekara uku da suka wuce. Ranar kwana takwas ma ba ya wurin zaman, domin a wajenmu ba a barin ɗan tagwaye ya zauna makokin ɗan'uwansa, kada wanda ya tafi ya gan shi ya ja shi. Gida ake barinsa shi kaɗai, ba mai leƙa shi sai an watse.

Wofa ya yi masa gaisuwa, suka taɓa hirar tsadar man jirgi. Can sai ya ciro tabaransa, zaren ya tsinke, ni dai ban ga lokacin da ya tsinke ba.

“Egya, taimaka mini da wannan. Yatsuna sun daina jin magana.”

Kakra ya karɓa ya ƙulla cikin ƙiftawar ido, ya miƙa masa. Wofa ya yi godiya muka tafi. Bai yi masa tambaya ko ɗaya ba. Amma da muka zo rabuwa sai ya ce da ma ɓarawon inji aka sa shi nema.

* * *

Talata ba a shiga teku, saboda haka duk garin ya hallara a rumfar bakin ruwa. Nana Amissah na tsakiya da dattawa. Kukua na kan benci ita kaɗai, ba wanda ya zauna kusa da ita. Tawia da Fasto da Maame Sekyiwa suna gaba. Wofa ya sa aka ɗauko teburin marigayin ɗungurungum, da labulen ɗakin, da wayar makirufo har da ƙusarta.

Ya cire ledar daga ƙafar teburin. “Kukua, zo ki kwance mini wayar nan. A hankali, kada ki ɓata ƙullin in kin kasa.”

Ta durƙusa ta yi ta fama da farce. Daga baya ta ɗago. “Wofa, sai dai almakashi.”

“Yawwa. Ni ma da shi zan yi. Amma wanda ya shiga ɗakin nan bai yanka ba. Ya kwance, ya haɗa, ya cire, ya naɗe, ya mayar da ƙullin yadda ya same shi. Nana, kai masunci ne, wane ƙulli ne wannan?”

Nana ya sunkuya ya duba. “Na gidan Bentsil ne, gidan su marigayi, mai zagaye biyu. Tsoho Bentsil ne ya koya wa 'ya'yansa. Panyin ne ya yi shi.”

“Dubi na labule. Dubi na makirufo. Su ma Panyin ne. Ina bakin zaren ya kwanta?”

“Dama.”

“Na teburin fa?”

Nana ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago muryarsa ta sauka. “Hagu.”

“Hannun bahago ne,” in ji Wofa. Ya cire tabaransa daga wuya, ya ajiye zaren kusa da ƙafar teburin. Bai ambaci sunan kowa ba, bai ma waiwaya ba.

Can baya wani ya miƙe. Mutane suka dare, Egya Kakra ya taho yana jefa ƙafa waje. Maame Sekyiwa ta dafe ƙirji ta ce, “Yesu! Ga tafiyar nan.”

Ya tsaya a gaban teburin, ya ɗora hannun hagunsa a kai.

“Ni ne, Nana. Ku ƙyale 'yar mutane.”

Ya sunkuyar da kai, ya ci gaba.

“An bar ni a ɗaki ni kaɗai, ina jin gangar ɗan'uwana daga nesa. Sai na ga ba ni da kowa. Yaron ya tafi, Araba ta tafi, ga wanda muka zo duniya tare shi ma ya tafi ban ce masa sannu ba. Na ce bari in je in ji muryarsu ba wanda ya gan ni, tunda na yi rantsuwa a gaban mutane. Makulli kuwa na san inda zai sa, a ƙwaryar kwakwa uwarmu ke sa nata.”

“Wayar fa?” in ji Nana.

“Na kunna, ta kawo haske, ta ƙi magana. Na duba sauran na ga kowace da shuɗiyar igiyarta a jiki, ita kaɗai tata ke ɗaure. Na ce ai kamar injin jirgi ne, ba ya tashi sai an haɗa masa bututun mai. Na haɗa. Ta fito da rubutu, ni ban iya karatu ba, na danna babban maɓallin. Sai wasu ɗige-ɗige suka hau zagaye. Na zauna ina kallonsu, ina cewa yanzu za ta yi magana, yanzu za ta yi. Har na ji gangar tashi. Tsoro ya kama ni kada a same ni, na fizge wutar.”

“Mako guda ana jifan yarinyar nan kana ji!” Tawia ya daka masa tsawa.

“Ina ji. Kullum da safe sai in ce yau zan faɗa.” Ya juya wajen Kukua, amma ya kasa kallonta. Sai ya juyo gare ni. “Otsiwa, an ce ke kika riƙe abin maganar ranar da aka ɗauki muryar Araba. Me Araba ta ce?”

Na so in ce na manta, don na san abin da zai yi masa. Amma shekara goma sha huɗu ina jin ta.

“Ta kira shi sau uku, Egya. Sannan ta ce, ‘Yana son ƙanzon shinkafa. Har yau ina ajiye masa.’”

Tsohon ya zame ya zauna a rairayi, ya rufe kansa da hannu biyu. Matan da suka zo da zagi a baki suka fashe da kuka. Ni ma na yi, amma nawa har da kunya a ciki.

Nana ya bari aka lafa, sannan ya ce, “Kukua, ke aka fi zalunta. Me kike so a yi masa?”

Ta miƙe ta karkaɗe zaninta. “A kawo shi gidan rediyo gobe ƙarfe bakwai. Duk mai mamaci a teku shi ma ya zo.”

* * *

Kwana shida layi bai yanke ba. Kukua ta zauna da makirufo tun safe har yamma, 'ya'ya da jikoki suna kiran sunayen da iyayensu mata suka kira a da. Egya Kakra ne na farko. Sau biyu yana buɗe baki sauti bai fito ba, ta jira shi. A na uku ya ce, “Kwamena,” ya kuma maimaita maganar ƙanzon, ya ƙara da cewa tukunyar tana nan.

Suna ɗari da saba'in da ɗaya muka samu. Sauran arba'in da uku na tuna rabin wasu, Nana ya tuna jiragen wasu, amma babu wanda ya rage da zai kira su. Kukua ta ce a bar wa kowannensu shiru na daƙiƙa goma, aka bari.

Ta kwafe komai wuri uku: ɗaya a gidan rediyo, ɗaya wajen Nana, ɗaya a cocin Fasto Eshun, wanda ya karɓa bai yi wa'azi ba. Ta rubuta mini takarda da manyan baƙaƙe ta manna a bango. A fara kwafewa. A sabunta guda ɗaya tukuna, a ga ko komai na aiki. In ɗige-ɗige na zagaye, kada a taɓa wuta ko gari zai ƙone.

Ranar Litinin da yamma na ga ta ajiye makullinta a kan teburina. Na riƙe mata hannu.

“Kukua, 'yata, ki yafe mini. Bakina ne, kin san halina.”

“Na sani, Anti.”

“To zauna mana. Kowa ya san gaskiya yanzu.”

“Su matan banda ban riƙe su ba, ba su san komai ba. Amma ke, Anti, ke kika riƙe wa uwata makirufo. Ina tsaye a jikin zaninta, kika ba ni alewa don in yi shiru. Kin san muryarta na cikin akwatin nan, kin san ba ni da ita a ko'ina. Kika dube ni kika ce na cika alkawari.”

Na saki hannunta. Ban manta da ranar ba, Allah ya sani. Ban dai tsaya na tuna ba ne.

Washegari da safe ta hau motar Takoradi, awa biyu kafin a fara. Ni na sa Kiran Suna. Garin ya yi tsit kamar kowace shekara, Egya Kakra na zaune a bencin Maame Sekyiwa da ƙaramar rediyo a kunne. Suna na casa'in da takwas na ubanta ne. Ita ta kira shi da kanta, sau uku, ta faɗi jirgin. Da aka zo wajen abin tunawa sai ta ce, “Ni ban san shi sosai ba. Uwata ce ta sani.”

Takardarta tana nan a bango, gefenta ya fara naɗewa. Duk Talata ta biyu a wata nakan bi ta layi-layi, in zauna in naɗe hannu ina kallon ɗige-ɗigen har su gama. Nakan aika mata saƙo cewa an yi lafiya. Wayata tana nuna mini ta karanta.